Yadda Ake Zaɓen Riyokan a Garin Ruwan Zafi na Japan

Duk baƙon da ya zo mini daga gida, ko taro ne ya kawo shi Japan ko ziyarar ɗansa da ke karatu, idan kwana biyu suka rage masa nakan ce mu bar Tokyo mu je mu kwana a riyokan. Riyokan shi ne masaukin gargajiya na Japanawa. Ana tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ɗakin shimfiɗe yake da tabarmar da suke kira tatami, a ƙasa ake kwana kan katifar futon, kuma abincin dare da karin kumallo suna cikin kuɗin kwanan. Mafi daɗinsu suna garuruwan onsen, wato inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa. Wata doka ta 1948 ce ta fayyace ruwan da za a kira onsen: ko dai zafinsa ya kai digiri 25 a inda yake fitowa, ko kuma ya ƙunshi ɗaya daga cikin ma'adinai 19 da aka lissafa, gwargwadon da aka ƙayyade.

Na kama ɗaki a irin waɗannan masaukai sau da dama, ni kaɗai da kuma tare da iyali. Kusan kowane riyokan yana da kyau a hoto. Abin da hoto ba zai gaya maka ba shi ne yadda za ka yi wanka da abin da za a ajiye a gabanka da dare, kuma ga mutum irinmu waɗannan biyun su ne tafiyar gaba ɗaya. Saboda haka a nan zan fi daɗewa.

Abin da za ka tanada

Fasfo, domin doka ta wajabta wa masauki ya ɗauki kwafinsa daga baƙon da ba mazaunin ƙasar ba. Katin banki da ke aiki a ƙetare, da kuma tsabar kuɗin yen, don har yanzu akwai ƙananan masaukai a ƙauyuka da ba sa karɓar kati. Waya mai intanet, da Google Translate a ciki, tunda yana karanta rubutun Japananci ta kamara. Adireshin imel da kake dubawa kullum. Dadduma mara nauyi da manhajar alƙibla. Daga Japan alƙibla tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa. Safa masu tsabta marasa huji, don a cikinsu za ka yi ta yawo. Dogon wando da riga mara nauyi da za a sa a ƙarƙashin yukata, rigar audugar da masauki ke bayarwa, saboda gabanta yana buɗewa idan an zauna. Mata su haɗa da ƙaramin hijabi. Sai ɗan guzuri, dabino ko kilishin kifi ko biskit, ko da abinci zai zo da abin da ba za ka ci ba.

Kada ka ɗauki tawul, sabulu, buroshi ko kayan barci, duk suna can. Babban akwati ma nauyi ne kawai. Ka bar shi a otal ɗinka na birni, ko ka tura shi gaba ta kamfanin Yamato Transport, wanda yawancin otal-otal ke karɓar kaya a madadinsa, yawanci kuma washegari yake isa.

Mataki na 1: Zaɓi gari kafin masauki

Kuskuren farko da mutane ke yi shi ne su ga hoton wani masauki su kama ɗaki, sai daga baya su gane tafiyar awa biyar ce daga inda suke. Fara da tambayar ina za ka taso, kuma wane irin wanka kake so.

Daga Tokyo, Hakone ne mafi sauƙi. Jirgin Romancecar daga tashar Shinjuku zuwa Hakone-Yumoto bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuma garin cike yake da masaukan da suka saba da baƙin waje. Kusatsu, a lardin Gunma, ya fi nisa, kusan awa huɗu a bas, amma a tsakiyar garin akwai Yubatake, filin da ruwan ke gudana ta magudanan katako yana tururi dare da rana, ga warin farar wuta ko'ina. Ruwan Kusatsu yana da tsami ƙwarai, yana yi wa mai rauni ko ƙaiƙayin fata zafi.

Daga Kyoto ko Osaka akwai Arima, bayan dutsen Rokko kusa da Kobe, mai ruwa launin tsatsa saboda ƙarfe da gishirin da ke ciki. Akwai kuma Kinosaki, tafiyar kusan awa biyu da rabi a jirgi daga Kyoto. Ina son Kinosaki, amma sai na faɗi gaskiya game da shi. Mutanen garin suna ɗaukar garin duka a matsayin masauki guda: tasha ce zaure, tituna su ne farfajiya, gidajen wanka bakwai da garin ya yi suna da su kuwa su ne banɗakin gidan. Baƙo yakan sa yukata da takalmin katako ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk na jama'a ne. Wanda ba zai shiga wankan jama'a ba ya rasa rabin abin da ake zuwa garin dominsa.

Idan za ka iya kaiwa tsibirin Kyushu, can nake tura masu iyali. Beppu ya fi kowane gari a Japan yawan ruwan zafin da ke fitowa, akwai masallaci a garin, kuma jami'ar Ritsumeikan Asia Pacific ta sa mutanen wurin sun saba da ɗalibai Musulmi. Yufuin yana bayan dutse kusa da shi, inda masaukai da yawa ke da ɗakuna a ware, kowanne da wurin wankansa.

Mataki na 2: Tsayar da rana

Guji lokuta uku: hutun Golden Week daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, hutun Obon a tsakiyar Agusta, da kwanakin sabuwar shekara. Ɗakuna kan ƙare tun da watanni, farashi kuma ya tashi. Daren Asabar ma ya fi tsada a kowane mako. Daga Lahadi zuwa Alhamis ne ake samun sauƙi, kuma ma'aikata sun fi samun sukunin kula da buƙata ta musamman. Kwana ɗaya ya wadatar a karo na farko.

Mataki na 3: Warware maganar wanka

A babban wurin wanka na riyokan maza daban, mata daban, amma kowa tsirara yake shiga. Ba a yarda da gajeren wando ko ɗaurin ƙirji a cikin ruwa ba, ƙaramin tawul ɗin da ake bayarwa ma a ka ake ɗora shi, ba ya taɓa ruwan. Su a wurinsu tsabta ce da ladabi, ba wanda ke kallon wani. Mu kuma mun san hukuncin al'aura, ko tsakanin namiji da namiji. Ba sai an yi jayayya da kowa ba, don su kansu sun tanadi hanyoyi guda uku.

Ta farko ita ce kashikiri-buro (貸切風呂), wurin wankan da ake kama wa mutum ɗaya ko iyali ɗaya, a kulle ƙofa. A Kyushu an fi ce masa kazoku-buro, wankan iyali. Yawanci minti 45 zuwa 50 ake bayarwa. Wasu masaukan kyauta ne, wasu kuma na biya tsakanin yen 2,000 zuwa 3,000. Tambayi abu biyu: guda nawa suke da shi, kuma yaya ake kama lokaci? Masauki mai ɗaki 40 da kashikiri ɗaya tak, wanda sai an iso ake rubuta suna, zai iya barinka da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ko ma ka rasa. Wanda na fi so shi ne ƙaramin masauki mai ɗaki goma da wuraren wanka uku, inda za ka duba allon katakon da ke rataye a ƙofa, in ba kowa ka juya shi ka shiga, sau nawa ka ga dama.

Ta biyu ita ce ɗaki mai wurin wankansa a waje (露天風呂付き客室). Wannan ya fi kowanne kwanciyar hankali, musamman ga mata, ya kuma fi tsada. A nan akwai tarko. Ba kowane bahon ɗaki ne ruwan onsen ke shiga ba. A wasu wuraren ruwan famfo ne aka dafa. Na taɓa biyan kuɗi mai yawa a wani masauki, da na shiga ruwan na ji ba santsi ba wari, na tambaya, aka ce ai ruwan maɓuɓɓuga a babban wurin wanka kawai yake. Ba su yi mini ƙarya ba, yana rubuce a shafinsu da Japananci. Nemi kalmar 温泉, wato onsen, a bayanin ɗakin kansa, ba a bayanin masaukin ba. In ka ga 源泉かけ流し, ma'anarsa ruwan yana zuwa daga maɓuɓɓuga yana malala ya fita, ba a juya shi ta inji a sake amfani da shi. Wannan shi ne ruwa na gari.

Ta uku, idan aljihu bai kai ba: kwana a masauki mai araha, ka je ka kama kazoku-buro na awa ɗaya a wani gidan wanka na gari. A Beppu da kewaye suna da yawa. Akwai kuma ashiyu, wurin tsoma ƙafa a bakin titi, yawanci kyauta, ba a tuɓe komai sai takalmi da safa.

Idan ka ga 混浴 a bayanin masauki, wankan maza da mata a haɗe ke nan, ana samunsa a wasu tsofaffin masaukan tsaunuka. Sannan wurare da yawa ba sa barin mai jarfa ya shiga wankan jama'a. Lalle ba jarfa ba ne, amma ma'aikaciyar da ba ta taɓa ganinsa ba ba za ta bambance ba; an taɓa tsayar da maiɗakina a kan baƙin lallen hannunta, cikin ladabi, sai da muka yi bayani. Gara a ambata shi tun a wasiƙa.

Mataki na 4: Warware maganar abinci

Tsarin da aka saba shi ne kwana ɗaya da abinci biyu (一泊二食). Abincin daren ana kiransa kaiseki: ƙananan kwanuka kusan goma da ke zuwa bi da bi, ɗanyen kifi, gasasshe, dafaffe, miya, shinkafa, kowanne da kayan da ke yayi a lokacin. Kaso mai yawa na kuɗin da ka biya na wannan abincin ne, kuma mai dafa shi ya yi cefane da lissafin kai tun kafin ka iso. Shi ya sa ba a canza komai ranar zuwa.

Naman alade shi ne mai sauƙin cirewa. Amma ka sani cewa naman sa da kaza da za a ba ka a madadinsa ba yankan Musulmi ba ne, sai a wuraren da suka bayyana cewa suna da naman halal, kuma ba su da yawa. Da hunturu wasu masaukan tsauni suna yin farfesun aladen daji, botan nabe. Ni abin da nake nema kullum shi ne kifi da kayan teku da ganye kawai. Japan ƙasar kifi ce, wannan buƙatar ba ta ba su wahala. A gaɓar tekun Kinosaki, daga 6 ga Nuwamba zuwa 20 ga Maris lokacin ƙaguwa ne, kuma abincin dare gaba ɗaya yakan zama ƙaguwa, gasasshiya da dafaffiya da ɗanya.

Mai wuyar ita ce giya. Girkin Japan yana amfani da sake, giyar shinkafa, da mirin, wata mai zaƙi da barasarta ta kai kusan kashi 14 cikin ɗari, kamar yadda muke amfani da daddawa: a miya, a romo, a abin da ake shafa wa gasasshen kifi. Idan ka ce ba ka shan giya, za su cire maka ɗan ƙaramin kofin giyar da ake ajiyewa a farkon abinci, su bar wadda ke cikin tukunya, don a tunaninsu wannan kayan miya ne. Sai ka ambaci sake da mirin da sunansu. Miyar waken suya da miso, wani kayan miya na tsimammen waken suya, su ma suna da ɗan burbushin barasa daga tsimawa. Malamai sun yi magana a kai, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi tun kafin tafiya, ya san matsayarsa. Romon dashi, wanda ke ƙarƙashin kusan komai, daga busasshen kifi da ganyen teku ake yinsa, ba matsala. Kayan zaƙi masu daskarewa kuwa a tambaya, domin wani lokacin da jelatin na alade ake yinsu.

Masauki da yawa za su amsa cewa za su iya cire nama amma ba za su iya cire mirin ba. Kada ka ji haushi, gaskiya suka gaya maka, kuma ya fi wanda zai ce to ya kawo maka abin da bai fahimta ba. A irin haka sai ka kama ɗaki ba abinci (素泊まり), ko da karin kumallo kawai. Amma duba taswira tukuna: a ƙananan garuruwan onsen kantuna da gidajen abinci suna rufewa tun da yamma. A unguwar Kannawa ta Beppu akwai mafita mai daɗi, jigoku-mushi, inda mutum ke turara ƙwai, dankali, masara da jatan lande da tururin da ke fitowa daga ƙasa, gishiri kawai za ka barbaɗa.

Duba kuma inda ake cin abincin. 部屋食 na nufin a ɗakinka za a kawo, 個室 kuma keɓaɓɓen ɗakin cin abinci. Ga matar da ke son cire hijabi ta sake, ko masu ƙananan yara, wannan ya cancanci ƙarin kuɗin.

Mataki na 5: Ɗaki da farashi

Farashin riyokan na kowane mutum ne, ba na ɗaki ba. Idan ka ga yen 20,000 kuma ku biyu ne, 40,000 za ka biya. Masauki matsakaici mai abinci biyu na saba samunsa tsakanin yen 15,000 zuwa 30,000 kowane kai. Ɗaki mai wankansa yakan wuce haka. Mutum ɗaya tilo yakan biya ƙari, wasu ma ba sa karɓarsa a ƙarshen mako. Mai neman araha ya nemi minshuku, masaukin iyali, inda kai za ka shimfiɗa katifarka.

Da yawan tabarma (畳) ake auna ɗaki. Mai 8 ya ishi mutum biyu, mai 10 ko 12 ya fi wa masu yara. Tabbatar akwai bayan gida a cikin ɗakin, don a tsofaffin gine-gine na haɗaka ne, kuma alwalar asuba a ƙarshen doguwar baranda cikin sanyin Janairu ba wasa ba ce. Idan akwai dattijo ko mai ciwon gwiwa a tafiyar, nemi 和洋室, ɗaki mai tatami da gado, ka kuma tambaya ko akwai lif. Na ga mahaifin wani abokina yana hawa bene uku na katako da sanda saboda ba mu tambaya ba.

Mataki na 6: Duba abin da baƙi suka rubuta, da hanyar isa

Booking.com yana da sauƙi, amma Jalan da Rakuten Travel, shafukan kama ɗaki na Japan, sun fi yawan masaukai, kuma suna raba maki: na wanka daban, na abinci daban, na tsabta, na kula da baƙi. Makin wanka da na abinci nake fara dubawa. Karanta sababbin ra'ayoyi marasa daɗi ta hanyar fassara. Idan mutum uku sun ambaci warin taba ko ƙurar ɗaki, gaskiya ne. Na fi amincewa da masauki mai ɗaki ƙasa da 20, inda okami, uwargidan da ke riƙe da masaukin, ke amsa wasiƙa da kanta. Sannan duba nisa daga tasha, lokacin bas na ƙarshe, da ko suna aiko mota, wadda yawanci sai an nema tun da wuri.

Mataki na 7: Rubuta musu kafin ka biya

Matambayi ba ya ɓata. Aika imel da gajerun jimloli cikin Turanci mai sauƙi, ka haɗa da fassarar Japananci a ƙasa. Jera tambayoyin da lamba: ranar zuwa da yawan mutane, ba ma cin nama kowane iri, muna cin kifi, ƙwai da ganye, za a iya girki ba sake ba mirin, za a iya kama kashikiri tun yanzu, ruwan bahon ɗaki na onsen ne. Kalmar halal ita kaɗai ba ta isa ba, takan sa su tsorata su ce ba za su iya ba, alhali abin da kake nema yana hannunsu. Ba su kwana biyu ko uku. Idan shiru, nemi wani mai jin Japananci ko ma'aikacin otal ɗinka ya buga musu waya.

Sai amsa ta gamsar da kai za ka kama ɗakin, ka sake rubuta buƙatun a gurbin bayani, ka ajiye amsarsu a waya. Karanta sharaɗin sokewa: tara takan fara ne kwanaki kaɗan kafin ranar, wanda bai zo ba, bai kuma sanar ba, zai biya kuɗin duka.

Mataki na 8: Ranar zuwa

Ana buɗe ɗaki da ƙarfe uku na rana. Yi ƙoƙari ka isa kafin biyar, domin abincin dare da shida ko bakwai ake fara shi, kuma wanda ya makara ƙwarai zai iya rasa shi ba a mayar masa da kuɗi ba. In jirgi ya ɓata maka lokaci, buga waya.

Nakai, ma'aikaciyar da ke kula da ɗakinku, za ta raka ku, ta durƙusa a bakin ƙofa ta tura ta da hannu biyu, ta zuba koren shayi, ta tambayi ƙarfe nawa kuke son abinci. Nan ne wurin nuna mata amsar da ke wayarka, ka kuma daidaita lokacin abincin da magariba. Silifas ba ya hawa tatami, na bayan gida kuma ba ya fitowa daga bayan gida. Lungun nan mai ɗan tudu da aka rataye zane a ciki, tokonoma, ba a ajiye jaka a kansa. Wajen ɗaura yukata, gefen hagu ne ke hawa kan na dama; akasin haka gawa ake yi wa.

Ko a kashikiri, sai an zauna kan 'yar kujera an yi wanka da sabulu an ɗauraye tas kafin a shiga ruwan, don wani zai shiga bayanka. Zafinsa yakan kai digiri 40 zuwa 42, minti goma sun isa a tashin farko, a sha ruwa kafin da bayan. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya nemi shawarar likitansa tun a gida. Cire zoben azurfa, ruwa mai farar wuta yana baƙanta shi nan take. Idan za ka wuce ta gaban babban wurin wanka, labule shuɗi mai 男 na maza ne, ja mai 女 na mata, kuma masaukai da yawa suna musanya su da dare ko da safe, don haka ka karanta labulen, kada ka bi ƙofar da ka gani jiya.

Ana sallama da ƙarfe goma na safe a yawancin wurare. Ba a ba da tukuici. A takardar biya za ka ga ƙarin harajin wanka, yawanci yen 150 kowane mutum a kowane dare, wanda ƙaramar hukumar garin ke karɓa, kuma sau da yawa a hannu ake biyansa ko da ka riga ka biya kuɗin ɗaki da kati. Ka ware 'yan sulalla dominsa.